Shekarar da Raɓa ta Daskare a Kwarinmu

Maigidana ya rasu bayan an gama yankan dawa, a shekarar da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, har masu kabu-kabu suna rataya ta a wuya. Ciwon bai ja ba. Ya dawo daga lambu da zazzaɓi, ya ce gajiya ce, ya kwanta. Kafin mu gama shawarar kai shi asibiti mafi girma, Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yanmu suka zo daga inda aiki da aure suka kai su, aka yi zaman makoki, suka koma. Aka bar ni da gida, da lambun da ke can ƙasa a kwari, wanda ya gama dasa wa barkono da hannunsa.

Barkonon ba irin na kasuwa ba ne. Ƙanana ne, masu ɗan lanƙwasa a baki, in ana daka su ƙamshi ke fara isa hanci kafin yaji. Mahaifiyarsa ce ta zo da irin daga ƙauyensu na wajen Wasagu lokacin da aka kawo ta gidan miji. Duk shekarun da ya yi a soja, muna yawo daga wannan bariki zuwa wancan, ita ke aiko mana da dakakke a gwangwanin madara. Da ta rasu, shi kuma ya yi ritaya, sai ya karɓi irin. Kowace shekara yakan shuka wani, ya ɗaure saura a tsumma ya rataye a madafa. Amma a daminar nan kwanon rufin ya yi yoyo daidai wurin, ba mu lura ba sai da tsumman ya yi baƙi, irin ya ruɓe. Ya ce ba komai, na lambu zai ba mu wani. Saboda haka duk abin da ya rage na barkonon uwarsa a duniya shi ne abin da ke tsaye a kwari.

Ni kuwa na shiga takaba. Yayarsa ta tattaro kayanta daga Dirin Daji ta tare a gidan don ta taya ni zama. Tsohuwa ce mai ƙarfi, mai son a yi abu yadda aka gada. Tun ranar da aka kawo ni take kirana Amarya, ga shi na yi furfura ba ta canza ba. Ta ɗauke kwalli da turare daga ɗakina, ta ce kada in ɗaga murya, kada in leƙa ƙofar gida. Ban yi mata musu ba. A farkon kwanakin ko an ce in fita ba ni da ƙafar fita.

Lambun kuwa Kofur ya karɓa. Maƙwabcinmu ne, tare suka shiga soja da maigidana, tare aka sallame su. Shi coci yake zuwa, maigidana masallaci, amma ban taɓa ganin ɗaya ya ci abu mai daɗi bai aika wa ɗayan ba. Ranar da aka yi jana'iza ya tsaya a zaure ya ce, "Madam, lambu nawa ne har ki fita. Kada ki sa shi a rai." Kullum in rana ta ɗaga yakan gangara ya yi ban ruwa, in ya dawo ya tsaya bayan labulen zaure ya ba da rahoto kamar yana gaban ofisa.

"Madam, komai daidai. Ruwa daidai. Akuya ba ta shiga ba. Na gyara danga kaf, ko ɓera sai ya nuna takarda."

Yaya ta ce, "Ɓeran ma ai tsohon soja ne, ya san ta baya."

"Yaya, ki bar ni in gama rahoto."

A haka muke har sanyi ya shigo.

Na ga sanyi a rayuwata. Mun zauna a garuruwan da ake kwana da garwashi a ɗaki. Amma na waccan shekarar daban yake, domin ba ya tafe da iska. Gari yakan yi tsit, ko ganye ba ya motsi, sama ta yi tas, sai ka wayi gari ka ji kamar an ɗora maka dutse mai sanyi a ƙashi. Manja ya yi barci a kwalba, sai an kai shi bakin murhu. Man kaɗanya ya koma kamar sabulu. Ruwan alwala yana cizo. Da safe ina jin masu kabu-kabu a bayan katanga suna ta buga babur yana ƙin tashi, suna zaginsa, daga baya su tura shi gangare. Wata matar Ibo mai sayar da gwanjo a bakin kasuwa, wadda ta zo mini gaisuwa, ta ce rigunan sanyinta sun ƙare har da waɗanda suka shekara ba wanda ya taya. Akuyoyinmu kan kwana cikin tokar murhu, su tashi fari fat.

Gidanmu a kan tudu yake. Akwai wani wuri a bayan rumbu inda katanga ta ɗan zube, in na hau turmi ina hango kan itatuwan kwari. Na fara zuwa wurin bayan sallar asuba. Abin da nake gani shi ne wani farin abu kwance a cikin kwarin, kamar an zuba nono a ƙwarya, ba ya tashi sai rana ta yi sama. In sauko, in share tsakar gida, in koma in hau. In ɗauki tsintsiya in sake share inda na share. Yaya tana kallona ta gefen ido.

"Amarya, ƙasar gidan ga za ki ƙarar?"

Ban san abin da ke damuna ba a lokacin. Zama ne kawai ya ƙi ni. In na zauna kan tabarma sai in ji kamar na bar tukunya a wuta.

Wata rana Kofur ya dawo bai yi sallama da ƙarfi yadda ya saba ba. Ya miƙo hannu ta gefen labule, Yaya ta karɓa ta kawo mini. Ganyen barkono ne, sun yi baƙi, sun yi laushi, kamar an tsoma su a tafasasshen ruwa.

"Layukan ƙasa ne, Madam. Na wajen rafi. Jiya lafiya lau na bar su."

Yaya ta juya ganyen a tafinta, ta shinshina. Ta ce, "Wanga ba ciwo ba ne. Ruwan zafi aka zuba. Mutum bai daɗe a ƙasa ba an fara bin abin da ya bari."

"Wa zai ɗauki ruwan zafi har kwari cikin wannan sanyi, Yaya? Kafin ya kai ai ya huce."

"To hannu ne. Kai soja ne, mi ka sani?"

Kofur ya ce shi dai ƙwari yake zato. Ya je kasuwa ya sayo magani, ya yi feshi. Yaya ta aika aka karɓo rubutu, ta ba shi ta ce ya yayyafa a kusurwa huɗu, ya karɓa da hannu biyu, ya kuma yayyafa. Washegari wani layin ya tafi. Bayansa wani. Abin yana hawowa daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda ruwa ke cika kwano. Kullum rahoton Kofur yana gajarta. Har ya zama in ya zo sai ya ce, "Madam," kawai, sannan in ji takunsa yana tafiya.

Na riƙa yi masa tambaya ta bayan labule. Ƙasar ta bushe ne? A'a. Akwai tsutsa a saiwa? Ya tona, babu. Lambun maƙwabta fa? Ya ce na kusa da mu albasa ce, ba abin da ya same ta sai ɗan jan baki. Ina tambaya ina jin haushin kaina, domin na san lambun nan kamar tsakar ɗakina, amma ta bakin wani ba na ganin komai. Na daina cin abinci sosai. In na kwanta da rana sai in ga layukan a idona, ina bin su ɗaya bayan ɗaya.

Na ce wa Yaya, "Ina so in je in gani da idona."

Ta ajiye audugar da take kaɗi. "Ki je ina?"

"Kwari. In je in dawo, ba zan tsaya da kowa ba."

"Mai takaba a hanya da sassafe? Mata su gan ki su ce mi? Su ce ƙanena bai samu wadda za ta zauna masa ba, barkono ya fi shi?"

"Barkonon nasa ne, Yaya."

"Shi ma ya bar shi ya tahi."

Maganar ta yi mini nauyi. Ita ma da ta faɗa sai ta kau da kai, ta ɗauki mazarinta, amma ba ta kaɗa ba.

Na roƙi Kofur ya je wurin limamin unguwa ya tambayar mini. Ya je, ya cire takalmi, ya zauna cikin almajiran karatun manya, ya yi tambaya. Ya dawo ya ce liman ya ce in akwai larura mai takaba tana iya fita da rana ta biya buƙatarta ta dawo ɗakinta ta kwana, ba ado, ba tsayawa hira. Yaya ta saurara har ya gama.

"Liman ya faɗi gaskiya," in ji ta. "Amma ba kunnensa za a cika ba, nawa ne. Kuma ina larura? In na bana ya mutu, a shuka na baɗi. Iri ba ya rataye a madafa?"

Sai a lokacin na gane ba ta sani ba. Na ce mata babu. Na ba ta labarin yoyon rufi. Ba ta yarda ba, ta tashi ta shiga madafa, ina jin ta tana taɓa ƙusoshi, tana sauke ƙwarya, tana buɗe tsofaffin gwangwanaye. Ta daɗe a ciki. Da ta fito, hannunta duk baƙin hayaƙi, ba ta dube ni ba. Ta zauna ta ce, kamar da kanta take magana, "Inna takan ce in ta daka shi har gidan sarkin noma ana atishawa." Ranar ba mu yi wata magana ba sai ta abinci.

Da asuba, ina sallame salla, na ga ta tsaya a ƙofar ɗakina ta yafa bargo. Ta miƙo mini 'yar wuƙar da mai takaba ke riƙewa in za ta taka waje.

"Rufe kanki da kyau. Ki bi bayana, kada ki amsa gaisuwar kowa, ni zan amsa."

Ta buga wa Kofur ƙofa. Ya fito cikin tsohuwar rigar sanyinsa ta soja, yana cewa gwiwoyinsa ba su saba fita kafin rana ba, amma ya wuce gaba.

Tun rasuwar ban taka hanyar nan ba. Ban dubi kowa ba, ƙafafun Yaya kawai nake bi. Muna fara gangara na ji abin da ban taɓa lura da shi ba duk shekarun da nake zuwa da hantsi. Sanyin yana da iyaka, kamar bakin kogi. A tudu sanyi ne na kullum. Da muka wuce gindin tsamiya sai na ji ya kama idon sawuna, muka ƙara gaba ya kai gwiwa, kafin mu isa lambu ya rufe mu gaba ɗaya. Numfashinmu yana fita fari. Yatsuna suka ƙi riƙe wuƙar sai da na haɗa hannu biyu.

Ciyawar bakin hanya ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Na taka, ta yi ƙara. Na sunkuya na taɓa ganye, farin abin ya narke a yatsana ya koma ruwa. A ƙofar lambu akwai garwar ban ruwa da ɗan saura a ciki. Kofur ya leƙa, ya sa yatsa, sai muka ji ƙas. Ya ɗago wani abu siriri kamar fasasshen gilashin fitila, ya riƙe shi a haske yana ɗiga.

"Yesu," in ji shi a hankali. "Ƙanƙara ce. Na gan ta can ƙasar da aka kai mu aikin sulhu, a kan duwatsu. Amma a Zuru? A cikin rami?"

Yaya ta ce, "Ƙanƙara ai daga sama take faɗowa da damina."

"Wannan a nan ta kwana, Yaya. Ni ina zuwa rana ta riga ta shanye ta."

Muka shiga. Ba zan iya faɗin yadda na ji ba, kuma ba na so in ƙara wa abin gishiri. Fiye da rabin lambun ya kwanta. Layukan ƙasa sun zama baƙin tsumma. Na tsakiya suna tsaye, farin abin ya lulluɓe su, na san in rana ta taɓa su za su bi 'yan'uwansu. Na sama kaɗai, kusa da mangwaro, su ne ke da sauran kore.

Na bi danga da ido. Kofur bai yi ƙarya ba, ya yi aiki. Sabon kara, ɗauri a kan ɗauri, ko'ina a miƙe. Sai idona ya kai kusurwar ƙasa, ta wajen rafi, na tsaya. A wurin nan maigidana bai taɓa rufe danga ba. Yakan bar giɓi mai faɗin kamu biyu ko fiye, ya jefa rassan ƙaya kawai saboda dabbobi. Na sha yi masa tsiya a kan haka, in ce ya yi aiki ya bar wutsiya. Yakan ce sanyi ruwa ne da ba a gani, gangara yake bi, in ka tare masa hanya sai ya taru ya kwana a gonarka. Ban taɓa ɗaukar maganar da nauyi ba, domin ban taɓa ganin shekarar da ta gwada ta ba. Yanzu giɓin a toshe yake da zana biyu, an kafa mata itace, an ɗaure tam.

Na faɗa musu. Kofur ya dubi zanar, ya dube ni, ya cire hularsa duk da sanyin.

"Na ɗauka ciwo ne ya hana shi ƙarasawa," in ji shi. "Na ce bari in rufe masa, kada iska ta shiga. Zanar ɗakina ce ma na kwance."

Da ni ce ban san wurin ba, abin da zan yi ke nan. Na je na sa wuƙa a igiyar, ta ƙi yankuwa. Kofur ya karɓa ya yanke. Shi da Yaya suka ja zanar ta faɗi. Ban ga komai ya fita ba, amma na ji shi a ƙafata, yana wucewa a hankali zuwa rafi.

Yaya ta ce, "To, kin gani. Mu tahi kafin hanya ta cika."

Na so in tsaya. Na so in taɓa kowane gindi. Amma na bi ta. A hanya wata mata mai ɗauke da tulu ta tsaya tana kallonmu, Yaya ta gaishe ta da ƙarfi har matar ta kau da kai ta wuce.

Sanyin bai tafi don mun buɗe masa hanya ba. Ya ƙara kwanaki. Na gaya wa Kofur ya riƙa rufe na sama da karan dawa da yamma, ya buɗe in rana ta fito. Shi kuma ya tuna yadda ya ga manoman can ƙasar suna yi, ya tara ƙaiƙayi yana kunnawa da asuba don hayaƙi ya kwanta a kan lambun. Ya daina jiran rana. Ina jin tarinsa yana wucewa ta bayan katanga tun gari bai waye ba. Yaya ma ta koma bin sa, ta ce ba ta yarda da idon soja ba. Ni aka bari a gida, ina hawa turmi ina sauka, ina hango hayaƙi yana tashi daga kwari. Layukan tsakiya duk da haka suka tafi. Na sama suka zubar da fure.

A gari kuwa ba wanda ya yarda. Kofur ya ba da labari a wurin masu shayi, aka ce tsufa ya fara taɓa shi, wani ya ce ko firij ya kai lambu. Ya zo yana huci. Na ce ya bar su. Ni na taɓa da hannuna, kuma ban sake ganin irinsa ba har yau.

Da sanyi ya sassauta, 'yan gindin da suka rage suka yi sabon toho daga ƙasa. Suka sake fure, kaɗan. Na hana a tsinki ko ɗaya, na ce a bar su su nuna har su fara yamutsewa a jiki. Ana gab da in fita takaba Kofur ya zo da su a cikin hularsa. Ba su cika hular ba. Yaya ta fasa ɗaya da farce, muka sunkuya muna duba 'ya'yan cikin. Wasu farare ne, shafal, ba komai a cikinsu. Wasu suna da ɗan nauyi.

"Ba a sani ba sai ƙasa ta faɗa," in ji ta.

Muka shanya su a faifai. Da suka bushe na ɗebi kaɗan, na zuba ƙasa da taki a fasasshen kasko, na shuka, na ajiye a bakin ƙofar ɗakina inda rana ke fara sauka. Kullum in yayyafa ruwa da yatsu. Yaya takan wuce ta ce kallo ba ya fitar da tsiro, amma na sha kama ta tana tona gefen kaskon da tsinke. Kwanaki suka wuce ba komai. Na fara shirya abin da zan gaya wa 'ya'yana in sun tambaya.

Ranar da aka yi mini wankan fita, mata sun cika gida, ana ta dafa abincin sadaka, sai Yaya ta ja ni gefe. Ta nuna kaskon da haɓa. Wasu 'yan kore ne guda-guda, sun lanƙwaso kai daga ƙasa, ɓawon irin yana manne a bakinsu. Ba su da yawa, amma sun isa.

Ta aika a kira Kofur daga zaure. Ya zo ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya daɗe yana kallo.

"Madam," in ji shi, "komai daidai."

Wata daga cikin masu girki ta ɗaga murya tana tambaya ko akwai barkono a gidan, ta ga wani a faifai. Yaya ta miƙe da sauri, ta ɗauke faifan ta kai ɗakina, ta ja ƙofa. Ta ce a aika kasuwa a sayo.